Gora a Ƙasar Ƙanƙara: Magdaragat da Rawar 'Yan Filifin a Winnipeg

Mutum biyu ne ke durƙusawa suna fuskantar juna, a tsakaninsu dogayen sandunan gora guda biyu, kowa ya riƙe bakinsu ta gefensa. A ƙarƙashin sandunan an sa guntun katako nan da can, don yatsun masu bugu su sami wurin shiga. Bugun uku-uku ne: sau biyu a buga gorar a kan katako tana buɗe, na uku a haɗe ta gam. Mai rawa, ƙafa ba takalmi, bugu biyun nan kaɗai gare shi ya jefa ƙafa a tsakani ya zare. Da fari a hankali ake yi, har ɗan kallo ya ce a ransa ai wannan ko ni sai in yi. Can sai kiɗa ya fara gudu, masu bugu su bi shi, a ga saurayi da budurwa suna juyi a cikin gorar riƙe da hannun juna, wani lokaci ma baya da baya, babu mai duban ƙasa. Wanda ya makara da ƙiftawar ido, idon sawunsa ne zai ba da labari.

Sunan rawar tinikling. Asalinta tsibirin Leyte ne a ƙasar Filifin, kuma kwaikwayo ce ta wani tsuntsun fadama mai dogayen ƙafafu da suke kira tikling, yadda yake tsallake tarkon gora da manoman shinkafa ke ɗana masa. Abin da ya ja hankalina shi ne wani wuri da ake yin ta duk watan Agusta: Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a tsakiyar Kanada. Gari ne da ke nesa da teku ta kowace fuska, sanyin Janairu a can kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, gorar ma sai an kawo ta daga wata duniya. A nan wani mutum mai suna Dante Buenaventura ya kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya a 1976, ya raɗa mata suna Magdaragat, wato masu tafiya a teku da Tagalog, ɗaya daga cikin manyan harsunan Filifin. Ga ta nan tana aiki har yau, kusan rabin ƙarni, akasarin masu rawarta yara da matasa ne da aka haifa a Kanada.

Yadda mutanen tsibirai suka cika garin sanyi

Ƙungiyar rawa ba ta tsayawa sai da jama'a a bayanta, saboda haka sai an fara da yadda jama'ar ta taru. 'Yan Filifin na farko da suka zauna a Winnipeg a ƙarshen shekarun 1950 likitoci ne da ma'aikatan jinya, wasunsu daga Amurka suka tsallako bayan takardun zamansu na can sun ƙare. Malaman makaranta suka biyo baya. Amma abin da ya sauya lissafi shi ne keken ɗinki. Winnipeg tana da masana'antun ɗinka tufafi masu yawa a lokacin, ma'aikata kuwa sun yi ƙaranci, sai masu kamfanonin suka nufi Manila, babban birnin Filifin, ɗaukar teloli. Daga 1968 aka fara kwaso su rukuni-rukuni, yawancinsu 'yan mata, har suka haura dubu cikin 'yan shekaru. Shekara guda kafin nan, a 1967, Kanada ta soma tantance baƙi da maki, ana duba ilimi da sana'a maimakon launin fata. A gida kuma Shugaba Ferdinand Marcos ya kafa dokar soja a Satumbar 1972, gwamnatinsa ta mai da tura ma'aikata waje wata hanyar samun kuɗin shiga. Guguwar da ta kai malaman Filifin makarantun sakandare na arewacin Najeriya a shekarun 1970 da 1980, waɗanda dattawa da yawa ke tunawa sun koya musu lissafi da kimiyya, ita ce dai ta kai 'yan uwansu Manitoba.

Telar da ta zauna da gindinta sai ta ɗauko ƙanwa, ƙanwa ta ɗauko miji, miji ya ɗauko iyaye. A 1998 lardin ya buɗe nasa shirin na zaɓo baƙi, aka ƙara samun wani kwararowar. A ƙidayar 2021 'yan asalin Filifin a Winnipeg sun haura 80,000, wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane goma, kuma babu wani babban birni a Kanada da kasonsu ya kai haka. Daga nan Conrad Santos ya shiga majalisar lardi a 1981, Rey Pagtakhan ya shiga majalisar tarayya a 1988, dukansu na farko daga wannan al'umma a faɗin ƙasar.

To, a 1976 ba a kai nan ba. Iyaye suna aiki dare da rana, yaran farko sun fara tasowa da Turanci a baka, hunturu yana kulle kowa a ɗaki wata biyar. Mai son ɗansa ya san inda ya fito ba shi da ƙauyen da zai tura shi hutu, kuɗin jirgi zuwa Manila ba na wasa ba ne. Rawa ta zama abu mafi arha da za a iya tara yara a kansa a zaure ɗaya mai ɗumi.

Rumfa a Folklorama

Sa'ar da Magdaragat ta yi ita ce ta tarar da kasuwa a buɗe. A 1970, shekarar da Manitoba ta cika ɗari da zama lardi, an shirya bikin al'adu mai suna Folklorama da rumfuna 21, da niyyar a yi sau ɗaya a tashi. Jama'a suka ƙi bari ya mutu. Shekara ta gaba Firayim Minista Pierre Trudeau ya ayyana manufar zaman al'adu daban-daban a matsayin siyasar ƙasa, abin da ya buɗe ƙofar tallafi da daraja ga irin waɗannan ƙungiyoyi. Yanzu bikin mako biyu ne a watan Agusta, rumfuna kan kai arba'in ko kusa da haka.

Kalmar rumfa kada ta ruɗi mai karatu. Ba fili ɗaya ake taruwa ba. Kowace al'umma tana kama zaure nata a wani sashe na gari, makaranta ko ɗakin taro na coci ko cibiyar unguwa, ta yi mako guda tana karɓar baƙi. 'Yan Yukren na can, 'yan Indiya na can, 'yan Habasha na can, mutane na yawo daga wannan zuwa wancan. Rumfar da Magdaragat ke ɗaukar nauyi sunanta Pearl of the Orient, lu'ulu'un gabas, tsohon kirarin ƙasar Filifin. An yi shekaru ma rumfunan Filifin biyu ne a bikin, ɗayar ana ce mata Nayong Pilipino, alamar yawan jama'ar da kuma cewa su ma, kamar kowa, ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba.

Tsarin dare ɗaya kusan iri ɗaya ne a duk rumfunan. Wasa bai cika kai awa guda ba, ana maimaita shi yawanci sau uku, a fitar da 'yan kallo a shigo da wasu. Kafin a fara, baƙo ya sayi abinci: pancit, taliya ce soyayya da kayan lambu, lumpia, wani naɗi siriri da ake soyawa, adobo, naman da aka dafa da ruwan tsami da tafarnuwa, sai halo-halo, ƙanƙara niƙaƙƙiya da madara da kayan zaƙi a kofi ɗaya. Akwai jakadun rumfa, manya da yara, masu tarbar mutane suna yi musu bayani. Duk wannan aikin sa-kai ne. Mai dafa abinci a baya wataƙila da safe ma'aikaciyar jinya ce, mai jan fitilu direban bas ne da ya ɗauki hutunsa na shekara saboda wannan mako. Suna da kalma ga irin wannan, bayanihan, wadda asalinta maƙwabta ne su taru su ɗaga gidan gora ɗungurungum a kafaɗa su kai wa mai shi sabon wuri. Gayya ke nan, ba ragi ba ƙari.

Sau uku a dare, kwana bakwai a jere, ya haura wasa ashirin. Duk wanda ya taɓa riƙe gorar tinikling ya san masu bugu sun fi masu rawa shan wuya, gwiwa a ƙasa, damtse na zafi, kuma ba wanda ke tafa musu.

Daga ina raye-rayen suka fito?

A nan lamarin ya fi daɗin bincike. Mai kallo zai ɗauka kowace uwa ta zo da rawar ƙauyensu a ƙafa ta koya wa 'yarta. Ba haka abin ya kasance ba. Filifin tsibirai ne sama da 7,000 da harsuna fiye da ɗari, kuma telar da ta taso a Manila ko Pampanga ba ta taɓa ganin rawar mutanen duwatsun arewa a muhallinta ba, balle ta Musulmin kudu. Abin da ƙungiyoyin ƙetare suka gada kundi ne da aka riga aka harhaɗa a Manila.

Aikin ya fara da Francisca Reyes-Aquino, malamar motsa jiki a Jami'ar Filifin, wadda tun shekarun 1920 ta riƙa shiga ƙauyuka tana rubuta taku da kiɗa, saboda ganin rawar Amurka na cinye na gida. Ta rubuta su ƙirge, taku kaza hagu, taku kaza dama, yadda malamin firamare zai iya koyarwa daga littafi. Haka raye-rayen suka shiga manhajar makarantu, shi ya sa kusan duk wanda ya yi makaranta a Filifin ya taɓa tsallake gora ko da sau ɗaya. A 1973 aka ba ta lambar gwarzuwar fasaha ta ƙasa.

Mataki na biyu shi ne ƙungiyar Bayanihan, wadda Helena Benitez ta kafa a Jami'ar Mata ta Filifin a 1957. Mai tsara rawarta, Lucrecia Reyes-Urtula, da mai kula da kiɗanta, Lucrecia Kasilag, suka ɗauki abin da a ƙauye kan ɗauki yini suka taƙaita shi zuwa 'yan mintoci, suka juyar da fuskar masu rawa ga 'yan kallo, suka ƙara sauri da ƙyalli. A baje kolin duniya na Brussels a 1958 suka burge, shekara ta gaba suna Broadway, unguwar manyan gidajen wasa a New York. A 1998 doka ta ayyana su a matsayin ƙungiyar rawar gargajiya ta ƙasa.

Bayanihan ce ta raba ƙasar gida biyar a kan dandamali, kuma rabon nan ne za ka tarar a Winnipeg, da Toronto inda Fiesta Filipina ke aiki tun 1966, da San Diego, da Landan. Akwai ɓangaren mutanen duwatsun Cordillera, da kiɗan farantan tagulla da ake kira gangsa, inda 'yan mata ke rawar banga da tukwanen ƙasa jere a ka, ɗaya bisa ɗaya, kamar masu dawowa daga rafi. Akwai ɓangaren Maria Clara, raye-rayen masu hali na zamanin mulkin Sifaniya, wanda ya ɗauki shekara 333, mata da dogayen riguna da mafici, maza da barong, rigar nan shara-shara wadda mai tsadarta da zaren ganyen abarba ake saƙawa. Akwai na ƙananan ƙabilun Mindanao, babban tsibirin kudu, akwai na Musulmi, sannan a rufe da na karkara, inda tinikling take, da kiɗan rondalla, tarin kayan tsirkiya da bandurria mai tsirkiya 14 ke jagoranta.

A ɓangaren karkara ne ake yin pandanggo sa ilaw, ta tsibirin Lubang. Yarinya za ta ɗora fitila ɗaya a ka, ɗaya a bayan kowane hannu, a da aci-balbal ce, yanzu kyandir a cikin kofin gilashi. A rage hasken zaure. Ƙafafu na tafiya da kiɗa, hannuwa na lanƙwasa sama da ƙasa, wuya kuwa ya tsaya cak kamar an dasa shi. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar tulu a ka ba, wadda ko littattafanta a jakar goyo take kaiwa makaranta, sai ta yi watanni tana koyon abin da kakarta ta iya ba tare da ta san wani abu ne ba.

Maganar Singkil

Rawar da ta fi kowace ƙayatarwa a irin wannan wasa, wadda ake yawan sa hotonta a takardar talla, ita ce singkil, kuma ta Musulmi ce. Ta Maranao ce, mutanen gaɓar tafkin Lanao a Mindanao. Sunan daga akayau ɗin da mai rawa ke ɗaurawa a ƙafa ya samo asali. Gora huɗu ake gicciyawa, biyu bisa biyu, gimbiya ta ratsa su da mafici a kowane hannu, kai a ɗage, fuska ba murmushi, baiwa na bin ta da laima duk inda ta juya. Ana danganta labarin da Darangen, doguwar waƙar tarihin Maranao da ta girmi zuwan Musulunci yankin, wadda UNESCO ta karrama a 2005: gimbiya ce girgizar ƙasa ta rutsa da ita a daji, tana kauce wa itatuwa masu faɗuwa ba tare da ta zubar da ajinta ba.

A wurin Maranao rawar mata ce, mace ɗaya ko da mai riƙe mata laima. Yariman da ake gani yau yana shigowa da takobi da garkuwa, da ayarin 'yan mata masu mafici, ƙarin dandamali ne da ya yaɗu ta hanyar Bayanihan. Da yake daga gare su kowa ya kwafa, sai kwafin ya zama shi ne asali a idon duniya.

Musulunci ya riga Kiristanci isa waɗannan tsibirai. Ana danganta masallacin Simunul a Tawi-Tawi da Shehu Karimul Makhdum da shekarar 1380, daular Sulu ta kafu a ƙarni na 15, Sifaniyawa kuwa sai 1565 suka kafa mulki, suka kuma shafe ƙarni uku suna yaƙi da mutanen da suka laƙaba wa suna Moro. Yau Musulmi kusan shida ne cikin ɗari na al'ummar ƙasar, Katolika kusan kashi huɗu cikin biyar. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Kanada kuwa galibinsu Kiristoci ne daga Luzon, babban tsibirin arewa, da tsibiran tsakiya. Ma'ana, gimbiyar da ke ratsa gora a zauren Winnipeg kusan kullum 'yar Katolika ce da iyayenta ba su taɓa taka Lanao ba. Ko a ɓangaren karkara akwai maglalatik, rawar garin Biñan, inda samari ke ɗaura ƙoƙon kwakwa a ƙirji da baya da cinyoyi suna bugawa, masu jan wando su ne Moro, masu shuɗi Kiristoci, ana kwaikwayon faɗa a kan tsakin man kwakwa kafin a sasanta.

Masana da masu rawa 'yan Filifin da kansu sun daɗe suna muhawara a kan wannan, musamman a Amurka. Masu suka na cewa an ɗauki adon mutane an bar mutanen: a kan dandamali Musulmi sarauta ne da zinariya, a labarai kuma 'yan tawaye. A 2017, lokacin da aka yi wata biyar ana gwabza yaƙi a Marawi, babban birnin Maranao, har tsakiyarsa ya zama kufai, ba a fasa singkil a zaurukan duniya ba, kuma da wuya yawancin masu tafi su haɗa gimbiyar da garin da suke gani a talabijin. Masu kariya na cewa in ba don wannan ɓangare ba, yaron da aka haifa a Kanada ba zai taɓa sanin ƙasar iyayensa tana da Musulmi masu sarauta da adabi ba.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Cire rawar ba zai amfani Bamaranao ko ɗaya ba. Abin da ke hannun ƙungiya shi ne abin da mai gabatarwa ke faɗa kafin a buga kulintang, jerin tasoshin tagulla takwas da ke ba da kiɗan: ya ambaci sunan mutanen, ya ce suna nan da ransu, ya ce wannan fasalin dandamali ne. Wasu sababbin ƙungiyoyi sun wuce nan. Parangal da ke yankin San Francisco, wadda aka kafa a 2008, ta yi suna wajen zuwa wurin masu al'adar da kansu ta koya daga bakinsu. Wannan hanya na cin kuɗi da lokaci, kuma ƙungiyar da ke rayuwa da cinikin lumpia na mako guda ba kullum take da su ba.

Abin da ya riƙe ta

Ƙungiyoyi irin wannan da yawa sun mutu da mutuwar wanda ya kafa su, ko rigimar shugabanci ta raba su biyu. Magdaragat ta wuce zamanin mai kafa ta, kuma a ganina dalili biyu ne. Na farko Folklorama: wa'adi ne da ba ya ɗagawa, Agusta na zuwa ko an shirya ko ba a shirya ba, kuma rumfa na kawo ɗan abin da za a ɗinka kaya a biya kuɗin zaure. Na biyu, koyarwar ba ta dogara ga mutum ɗaya ba. Wanda ya shiga yana ƙarami shi ne mai koyar da na bayansa in ya girma, sannan wata rana ya kawo nasa ɗan.

A irin wannan zaure yaro ke tsintar abin da ba a rubuta a tsarin wasa ba. Duk wanda ya girme shi kaɗan Kuya ne ko Ate, wato yaya. Duk sa'ar iyayensa Tito ne ko Tita, ko da babu dangantakar jini. In tsohuwa ta shigo, ya kama hannunta ya kai goshinsa ya ce mano po. Da yawa cikin yaran Tagalog ɗinsu bai wuce na gaisuwa da sunayen abinci ba, ƙirgen taku ma da Turanci ake yi, amma waɗannan kalmomin suna zama. Iyaye mata kuma, waɗanda wasunsu keken ɗinki ne ya kawo su ƙasar tun farko, sun sami inda sana'ar ta sake amfani, domin kayan ɓangare biyar ga yara masu girma kowace shekara ba ƙaramin ɗinki ba ne.

Annobar korona ta sa an soke Folklorama a 2020, karo na farko tun kafa shi, kuma sai 2022 aka dawo da rumfuna ido da ido, su ma ba su kai yawan da aka saba ba. Ga ƙungiyar da ƙarfinta yara ne, shekara biyu gibi ne babba: 'yar shekara goma sha shida da ake shiryawa ta zama gimbiya ta tafi jami'a, ɗan shekara bakwai da ya kamata ya fara da buga gora ya kai tara bai taɓa riƙe ta ba. Tinikling kuma ba ta koyuwa ta allon kwamfuta, sai da mutum biyu a durƙushe da na uku a tsakiya. Da aka buɗe ƙofa, rumfar Pearl of the Orient ta dawo cikin jerin, aka fito da sandunan daga ma'aji, aka sake farawa da ƙananan yara daga bugu biyu a buɗe, ɗaya a haɗe.